Rami na Uku a Kafiretar Iorfa

Ya'akubu ya fara kurumcewa damina biyu da suka wuce, kuma ban da matarsa Sailuba babu wanda ya sani a duk faɗin Lafiya. Kunnen hagu ne ya fara tafiya, a hankali, ba ciwo ba ruwa. Na dama ya riƙe masa amana na ɗan lokaci, sannan shi ma ya soma wani siririn kuka da ba ya yankewa, kamar gyare ya shige ciki ya ƙi fita. Da manomi ne irin 'yan'uwansa na Kwandare, da abin ya zo da sauƙi, don doya ba ta magana. To amma Ya'akubu mai gyaran kafireta ne, shekara talatin da ɗaya ke nan da kunne yake ci da iyalinsa.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin bonet ba, kafireta ita ce 'yar tukunyar ƙarfen nan da ke zaune a kan injin, tana gauraya fetur da iska kafin injin ya shaƙa. In mai ya yi yawa, mota ta yi ta baƙin hayaƙi tana shanye wahalar direba. In iska ta yi yawa, ta dinga tari tana mutuwa a tsakiyar tudu. Tsakanin waɗannan biyun akwai wani ɗan daidai da bai wuce rabin juyin sukudireba ba, kuma ba a ganinsa, jinsa ake yi. A da, tun mota tana karyo kwana zuwa rumfarsa da ke Bukan Sidi, Ya'akubu zai gaya wa mai ita ciwonta kafin ya kashe injin.

Yanzu dabara yake yi. Ya koyi kallon bakin mutane. Ya koyi gyaɗa kai a inda ya dace, da cewa "haka ne" a inda bai ji komai ba. In injin yana aiki sai ya dafa jikin motar kamar mai hutawa, ko ya ɗora bakin doguwar sukudireba a kan injin ya manna ƙotar a muƙamuƙinsa, ƙashi ya kawo masa abin da kunne ya ƙi kawowa. Allah kuma ya rufa masa asiri da irin motocin da ake kawo masa, don ba masu kunya ba ne. Tsofaffi ne masu fasasshen salansa, in sun tashi har maƙwabta sai sun shaida. Waɗanda suka gaishe shi ta baya bai amsa ba suka ce tsufa ya zo masa da girman kai, kunnen uwar shegu yake yi da mutane. Ya bar su a kan haka, don ya fi son wannan sunan da na gaskiyar.

Aikin ma dama ya ja baya. Tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha garin ya cika da motocin ma'aikata, sai dai yawancinsu masu injekta ne, ba su da kafireta sam, kuma waɗannan wajen Muhyiddin ake kai su. Muhyiddin a hannun Ya'akubu ya koyi riƙe sifana, yau ga shi magidanci mai 'ya'ya biyar da shago mai ƙofar ƙarfe a hanyar Makurɗi. Zuwa shekarar 2004 abin da ya rage wa Ya'akubu shi ne direbobin tashar Obi, su ma albarkacin mutum ɗaya: Iorfa, wani dogon Tibi mai jigilar fasinja da doya tsakanin Obi da Lafiya. Shekara goma sha tara yana kawo masa mota, kuma inda Iorfa ya kai tasa, nan sauran direbobin suke kai nasu. Ya'akubu ya san ranar da Iorfa ya gane cewa bakanikensa ba ya ji, ranar zai kwance rumfa.

Cikin daminar nan tsohuwar fijon Iorfa ta gaji ta kwanta, sai ya samo wata 'yar Kwatano ƙirar Japan, ita ma ta kwana biyu a duniya amma jikinta garau, wai daga Amurka ta fito. Daga hannun dillali bai zarce da ita ko'ina ba sai Bukan Sidi, a yi mata aski.

Aski shi ne abin da kanikawan garin suke yi wa duk motar da ta sauka daga waje. A buɗe bonet, a cire tamostat mai daidaita zafin injin a jefar, a bi ƙananan tiyon roba da suka yi sheƙa a kan injin a yanke, a toshe bakinsu da ƙusa ko tsohon noti. Duk abin da ba a gane amfaninsa ba sunansa ɗaya ne, kayan ƙasar sanyi. A cikinsu babu wanda ya taɓa taka ƙasar sanyin, amma kowa ya san abin da take buƙata wanda Lafiya ba ta buƙata. Kuma a faɗi gaskiya, yawancin motoci sukan tashi su tafi abinsu bayan aski, shi ya sa ba wanda ya taɓa tsayawa tambaya.

Da Ya'akubu ya ɗaga murfin kafiretar wannan motar sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Kafiretar da ya sani ramuka biyu gare ta, ɗaya na tafiyar yau da kullum, ɗaya na lokacin da aka taka totur sosai. Wannan tana da na uku, ɗan mitsitsi a gefe, da ƙyar ƙaramin yatsa zai shiga. Ya leƙa, ya hura, ya juya ta sama da ƙasa. Ugondo, mai bugun fanel da ke gyaran jikin mota a rumfar kusa, ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce ai na sanyi ne, don ta tashi da safe cikin ƙanƙara. Shi ma Ya'akubu nan hankalinsa ya fi kwanciya. Ya narka dalma ya liƙe ramin, ya bi da gam, ya goge. Aiki ne mai tsabta, har ya ji daɗin hannunsa.

Kwana uku Iorfa ya dawo.

"Oga Ya'akubu, motan nan yana tari," in ji shi. Hausarsa ta tasha ce, ba ruwanta da mace ko namiji. "In na taka, sai ya yi fat-fat a kafireta. Tudun bayan gada ma sai da fasinja suka sauka suka tura ni."

Tari alamar iska ce ta yi yawa, wannan ko daga barci aka tashi Ya'akubu ya sani. Ya kwance jet, wato ƙananan notunan tagulla masu huda a tsakiya da fetur ke bi ta ciki, ya sa allura ya faɗaɗa hudar. Mota ta tashi da gurnani har jikinta na rawa, Iorfa ya tafi yana godiya. Bayan mako guda ya dawo da fuska a murtuke: tari ya ragu, amma mota ta koma shan mai kamar tanki ya fashe, fulogi huɗu duk sun yi baƙi ƙirin. Ya'akubu ya rage mai, tari ya dawo. Ya ƙara, hayaƙi ya dawo. Daidai ɗin nan da ya shekara talatin yana samu a kowace mota, a wannan ya neme shi ya rasa.

"Ka ji wannan ƙaran?" Iorfa ya tambaye shi a zuwa na uku, ya karkata kai yana saurare. "Can ƙasa-ƙasa. Ka ji shi?"

"Na ji," in ji Ya'akubu. Ya manna sukudireba a muƙamuƙi ya runtse ido, yana addu'ar kada Iorfa ya ce ya kwatanta ƙarar.

A zuwa na huɗu Iorfa bai ko buɗe bonet ba. An yi ruwa da safe, ya share bencin rumfar da tafin hannu ya zauna, ya daɗe yana kallon takalminsa kafin ya ɗago.

"Oga, na gaji," ya ce. "Sati uku ban yi lodi mai kyau ba. 'Yan tasha suna ce masa mai asma, in na zo layi fasinja suna cewa za su jira na baya. Matana Ngunan ya ce in kai wa Muhyiddin, na ce a'a, Oga bai taɓa kasa mota ba. Amma abeg, kar ka yi fushi. Zan bar maka shi har jibi. In bai yi ba, kar ka ga laifina."

Ya'akubu bai rasa ko kalma ɗaya ba, don Iorfa yana fuskantarsa. Bai yi fushi ba. Gajiya ce ta sauko masa, har ya ji ko cewa "to" aiki ne. Ya karɓi makulli ya rataye a ƙusa.

Da azahar Sailuba ta kawo masa abinci. Ta ga motar, ta ga fuskarsa, ba ta buƙaci bayani ba. Ta zauna ta ɓangarensa na dama, ta juyo masa da fuska kamar yadda ta saba.

"Malam, ka gaya masa."

"In gaya masa me?"

"Abin da ka sani, na sani."

"Sannan mu ci me?"

"Gonar Kwandare tana nan, ba ta gudu ba," ta ce. "Ni ma na gaji, Malam. Na gaji da amsa sallama a madadinka. Na gaji da zungurarka in baƙi sun yi magana. A masallaci gwiwar na kusa da kai kake kallo kafin ka yi ruku'u, ka ɗauka ba wanda zai lura har abada?"

Ya wanke hannu ya ci abincin. Rabonsa da fartanya tun yana saurayi, kuma ba noman yake ƙi ba. Abin da yake tsoro shi ne ya koma ƙauye a matsayin tsohon da ake ɗaga wa murya, bayan ya rayu a matsayin mutumin da ake yin shiru in yana saurare. Sailuba ta tattara kwanuka ta tafi.

Da ta tafi sai ya yanke shawarar da ya kamata ya yanke tun ranar farko. Tunda kunne ya ƙi, zai bi da ido, ya ga inda ɗan ramin nan ya nufa. Ya sauke kafireta, ya narka dalmar da ya liƙa da hannunsa, ya kwance bututun da ke kai iska cikin injin. A jikin bututun, ban da manyan hanyoyin da ya sani, ya ga wata siririyar hanya daban. Ya kira Ugondo, wanda ba ya rabuwa da sigari, ya ce ya busa masa hayaƙi a ciki. Ugondo ya busa, hayaƙin ya fito ta ƙananan baki huɗu, ko kaɗan bai shiga manyan hanyoyin ba.

Ya cire murfin injin. Injin mai fulogi huɗu bawul takwas yake da su, wato 'yan ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, shi ya san haka, kowa ya san haka. Ya ƙirga ya samu goma sha biyu. Huɗun da suka ƙaru ƙanana ne, kamar na wasa. Sai da ya sauke kan injin gaba ɗaya, bayansa na ciwo, ya kife shi a kan benci, sannan ya ga sauran: kowane ƙaramin bawul yana buɗewa ne cikin wani ɗan kofi da bai fi murfin kwalba ba, hancin fulogi yana cikin kofin, kofin kuma yana da 'yar kafa da ta leƙa cikin babban ɗakin wuta.

Ya zauna a ƙasa da ƙarfen a gabansa har inuwar mangwaro ta juya, a hankali abin ya warware masa. Wanda ya ƙera injin nan da gangan yake ba shi abinci tsararo. Manyan ramuka biyu iska suke turawa da ɗan mai kaɗan, wanda tartsatsin fulogi shi kaɗai ba zai iya kunnawa ba. Ɗan rami na uku shi ke kawo mai kauri, ɗan kaɗan, ya ajiye shi daidai bakin fulogi cikin kofin. Can wuta take kamawa, sai ta feso ta kafar ta cinye tsararon. Haɗi biyu ne a injin ɗaya, mai kauri da tsararo, kowa da hanyarsa, ba a bari su gauraya sai wuta ta haɗa su. Haka mai hura murhu yake yi, ya ɗiga kananzir a tsumma ɗaya maimakon ya jiƙa itacen duka. Shi kuwa Ya'akubu ya zo ya toshe hanyar tsumman, sannan ya yi mako uku yana kwarara kananzir a kan itace.

Kunya ta kama shi, shi kaɗai a rumfa. Tare da ita ya ji wani abu kamar girmamawa ga mutumin da bai sani ba, wanda ya zauna a wata ƙasa ya yi wannan tunani. Ya kuma ga wani abin da bai san ko daɗi zai ji ba ko baƙin ciki: wannan kuskuren ba na kunne ba ne. Ko lokacin da yake jin faɗuwar ɗan noti a cikin yashi, da an kawo masa motar nan da ya liƙe ramin, kuma da ya ji daɗin hannunsa. Ya tuna ramuka da tiyo nawa ya toshe cikin shekara talatin da ɗaya da sunan ƙasar sanyi, sai ya daina tunawa, don ba shi da ƙarfin wannan yau.

Washegari gaba ɗaya a kan motar ya ƙare. Jet ɗin da ya faɗaɗa ya cike su da dalma, ya sake huda su da sili ɗaya na wayar burki, yana ɗaga kowanne ga rana yana auna hasken da ido. Ya zaga bayan rumfa inda yake zubar da tarkacen aski, ya durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa yana tsintar tiyon da ya yanke, Ugondo yana kallonsa yana girgiza kai. Wasu ya samu, wasu ya yanko sabbi, ya bi zanen da ya dushe a cikin bonet ya mai da kowanne mazauninsa. Bai tayar da motar ba ko sau ɗaya. Ya ce wa kansa batir ne ba shi da ƙarfi, amma gaskiyar ita ce tsoro yake ji.

Ranar alkawari Iorfa ya iso da hantsi a kan acaɓa. Ya'akubu yana ɗaure noti na ƙarshe. Ya miƙa masa makulli, ya bar bonet a buɗe, ya juya ya tafi wajen bokitin da ke gindin mangwaro, taku huɗu ko biyar daga motar, ya tsuguna yana wanke hannu da omo da yashi. Ba ya son ya kalla. In za ta yi tari, gara ta yi a bayansa. Ugondo ma ya sauke gudumarsa ya matso ya ji.

"Tayar da ita," Ya'akubu ya ce ba tare da ya waiwaya ba.

Ya jira gurnanin nan da ya saba ji ko ta tafin ƙafa. Babu. Sai kukan gyaren da ke cikin kansa. Ya ci gaba da cuɗa yatsunsa. Ko batir ɗin ne da gaske, ko kuma Iorfa yana gyara kujera.

"Na ce ka tayar mana, me kake jira?" ya sake cewa, wannan karon da ƙarfi, sannan ya waiwaya.

Ugondo yana tsaye, ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Ƙofar direba a buɗe take, don haka Ya'akubu ya ga hannun Iorfa sarai. Hannun ya tafi kan makulli a hankali, ya murɗa shi baya. Eriyar rediyo da ke ɗan kaɗawa ta tsaya cak. Sannan hannun ya murɗa gaba, eriyar ta sake soma kaɗawa.

"Ya tashi, Oga," in ji Iorfa.

Ya'akubu ya miƙe, ruwan omo na ɗiga daga hannunsa. Ya je ya ɗora sukudireba a kan injin ya manna a muƙamuƙi. Lafiya lau take tafiya, sumul, ba tsalle ba gargada. Ya juya ɗan noti kwata, ya mai da rabin abin da ya juya. Ya zaga baya ya tara hannu a bakin salansa ya shinshina: ba ƙauri, ba baƙi, sai ɗumi da 'yar raɓa. Ya daɗe bai yi aiki mai kyau irin wannan ba, kuma kyan aikin ne ya tona shi, don mota mai lafiya ba ta ihu.

Ya rufe bonet ya zo bakin ƙofar direba.

"Tun bugun farko ta tashi, ko?"

Iorfa ya kalli sitiyari, ya kalli Ugondo, sannan ya kalle shi. "Tun na farko, Oga."

"To," in ji Ya'akubu. Ya goge hannu a wandonsa. Abin mamaki, ba faɗuwar gaba ya ji ba, sai irin sakin jikin wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya, ya kuma san ba zai iya sake ɗauka ba. "In ta sake yin wata ƙara a hanya, ka kai wa Muhyiddin ya saurara. Ka ce masa in ji ni, akwai ƙaramin rami a kafireta, kada ya taɓa shi. Ka gaya wa 'yan tasha ma, kada su ji a bakin wani."

Iorfa ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa sitiyari. Kafaɗunsa sun nuna magana yake yi, mai ɗan tsawo, kuma Ugondo ya juya baya da ya ji ta. Ko godiya ce, ko ban haƙuri, ko sallama ce ta shekara goma sha tara, Ya'akubu ba shi da hanyar sani, don bakin yana ƙasa. Ya tsaya har kafaɗun suka daina motsi, sannan ya dafa ƙofar motar.

"Ban ji ba, Iorfa," ya ce. "Ɗago kanka ka sake faɗa."